Filafilin da ke Kallon Bango

A Marinhal, namijin da bai shiga teku ba dole ya tanadi amsar da zai riƙa ba mutane har ya mutu. Belmiro ɗan masunci ne, jikan masunci, amma sau uku ubansa ya ɗora shi a jirgi, sau ukun kuma aka dawo da shi kwance kan taru, ya amayar da har abin da ya ci shekaranjiya. A karo na uku uban ya ce a ƙyale shi a tudu, kada ya ɓata wa mutane kifi. Aka kai shi koyon aski. Shekara hamsin ya yi yana yi wa mutanen teku aski, su kuma suna tambayarsa ko ɗan kofin ruwan da yake kaɗa sabulu a ciki ba ya sa shi jiri.

Ya sha wannan tsiya ya ƙoshi, amma a shagon askin nan ya ƙware a abin da ya fi kowa sani a garin, wato alamomi. Mu nan kowane gida da alamarsa, wadda ake tsagawa da wuƙa a jikin jirgi, da kwandon kifi, da filafilin tuƙi, har da cokalin katako. Wani gidan ƙugiya ce, wani tauraro, wani wutsiyar kifi. Ɗan fari ya ƙara tsaga ɗaya a gefen ta ubansa, mai bi masa ya ƙara biyu, auta kuwa shi ke gadar alamar yadda take. Tsofaffinmu ba su iya karanta sunansu a takarda ba, amma su ga guntun katako a kan yashi za su gaya maka na wane ne, ɗan wane, na nawa ne kuma a ɗakinsu. Doka ɗaya ke tafe da wannan, ba Fada, limamin cocinmu, ya kafa ta ba, ba gwamnati ba: duk abin da teku ya tofo da alama a jikinsa, wanda ya tsinta zai kai shi gidan masu shi a ranar, kafin ya kai loma baki. In kuma teku ya ci mutum ya hana gawa, sai an ga wani abu nasa da ya tabbatar ya shiga ruwan. Abin nan ake binnewa a madadinsa, a tsaga alamarsa a ƙofar ɗan cocin da ke kan dutse, sannan matarsa ta sa baƙin kayan takaba.

Da inji ya shigo gari, shi da tarun roba, mutane suka fara hura wuta da kayan kakanninsu. Belmiro ya ga ana gasa kifi da sitiyarin jirgin da ya girmi ubansa, abin ya taɓa shi. Ya shiga bin gidaje da baro yana roƙon tsofaffin fitilu, da allurar ɗinkin taru, da kamfas wanda allurarsa ta mutu. Aka sa masa suna Sarkin Tarkace. Bai taɓa aure ba, matan gari kuma suka ce ai da gaskiyarsa, wace mace za ta yarda ta kwana da anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a ƙarƙashin gado? A shekarar 1978 hukuma ta ba shi ɗakin tsohuwar makaranta ya zuba kayansa, aka rubuta Gidan Tarihi a saman ƙofa, aka sa ranar buɗewa.

Sai mu ɗan koma baya da shekara bakwai. A cikin hunturun 1971 jirgin tsoho Amaro ya kife a bayan duwatsu. Mutum biyar ke aiki a cikinsa, teku ya dawo da gawar huɗu cikin kwana uku. Na biyar shi ne Custódio, mijin Gracinda mai tallar kifi, aminin Belmiro tun suna yara, wanda ya zaɓe shi ya zama uban baftisma na 'yarsa Odete. Ana gobe abin zai faru maƙwabta sun ji Custódio da Gracinda suna sa-in-sa, yana ce mata wata rana za ta farka ta tarar ya tafi, ita kuma tana cewa ga hanya nan. Babu wanda ya ga shigarsa jirgi, don cikin hazo aka tashi. Shekarun nan ne kuma maza ke sulalewa su tsallake iyakar Portugal da ƙafa, su nufi Faransa neman aiki ba ko sallama. Filafilinsa ba ya bayan ƙofa inda yake jingine shi, amma masu tafiya Faransa duk sai sun sayar da kayan sana'arsu, don haka wannan bai raba gardama ba. Ba a yi wata uku ba wani ya rantse ya gan shi a wata tashar jirgin ƙasa ta Faransa, shi da wata mace. Fada ya ce ba zai yi wa mai rai addu'ar matattu ba. Gracinda ta zauna a tsakiya tana da shekara ashirin da shida, ba ita ga matar aure ba, ba ita ga mai takaba ba.

Saura kwana takwas a buɗe gidan tarihin, Belmiro ya hau kekensa ya nufi Cabedo, tafiyar awa guda ta gefen ruwa. Mutanen Cabedo ciyawar teku suke kwasa su yi takin gona, ba ruwansu da alamominmu. A gidan wata tsohuwa, Felisbela, ya je neman tsohon manjagara, sai idonsa ya faɗa kan abin da ta tokare rufin akurkinta da shi.

Ya ce, "Inna, wannan sandar fa?"

"Wace sanda? Filafili ne, ɗana, ko a kan tsauni aka haife ka? Ruwa ya kawo mini shi washegarin iskar nan da ta kifar da jirgin mutanenku. Ban manta ba, don ranar akuyata ta haifi tagwaye. In kana so ɗauka, amma ka tokare mini rufin da wani abin, kada ya faɗa wa kajina."

Ya zaro shi, ya kankare kashin kaji da farce. Wutsiyar kifi, da tsaga biyu a gefe. Ya zauna a ƙasa cikin kaji ya yi kuka, tsohuwa tana ta tambayarsa ko cikinsa ne. Custódio bai je Faransa ba. Ya ɗauki filafilinsa da asuba ya tafi aiki kamar kowane namiji, bai dawo ba.

Wallahi da niyyar kai wa Gracinda ya baro Cabedo, wannan kam zan shaide shi. A hanya ne abin ya lalace. Ya tsaya gyara ɗaurin filafilin a jikin keke, ya ƙare masa kallo. Sassaƙar hannu ce ta uban Custódio, irin wadda shekara biyu yana nema bai samu ko ɗaya mai lafiya ba, duk an ƙone. Bangon da ke fuskantar ƙofar gidan tarihin kuma fayau yake, ba komai. Shugaban hukuma zai zo, da ɗan jarida daga Porto. In ya kai mata yau, jibi an binne shi. Zuciya ta ce masa, macen da ta jira shekara bakwai, kwana takwas ba za su kashe ta ba.

Ya naɗe shi cikin buhu. Ta ƙofar gidanta hanya ta bi, tana tsaye tana shanya kifi a kan waya.

Ta ce, "Sarkin Tarkace, yau kuma bolar wa aka kwashe?"

Ya ce, "Ta mutanen Cabedo," ya ƙara wa keke wuta.

Da ya isa gida ya ɗumama miyar kabeji, ya ci da burodin masara. Daga baya, duk abin da ya biyo, wannan cin abincin ne ya fi tsaya masa a maƙogwaro.

Ya kafa ƙusoshi biyu can sama, ya rataye filafilin, alamar na kallon bango. A ƙasa ya manna 'yar takarda da rubutun hannunsa: Filafilin gargajiya, ba a san mai shi ba. Shekara bakwai a akurki sun mai da katakon baƙi, wanda ya sassaƙa shi kuma ya rasu, babu wanda ya gane. Ran buɗewa shugaban hukuma ya tsaya daidai ƙarƙashinsa aka ɗauke su hoto, ya dafa kafaɗar Belmiro ya kira shi mai tsaron tarihin teku. Masunta suka tafa, mutanen da suka yi shekaru suna masa dariyar amai. Ya ji daɗi ranar, daɗi na gaske, kuma bai taɓa yafe wa kansa jin daɗin nan ba.

A rana ta tara ya ɗauko tsani, sai ya tsaya. Za ta tambaye shi yaushe ya samu. In ya ce yau, hoton jarida zai ƙaryata shi, ga filafilin nan a saman kansa. In ya faɗi gaskiya, gari zai ji cewa ɗan gidan masunta, wanda ya fi kowa sanin doka, ya riƙe kayan mamaci ya ci abinci a kai, don a tafa masa. Ya ce bari ƙura ta lafa. Kwana takwas suka zama wata, watan ya zama shekara, kowace rana kuma maganar na ƙara nauyi fiye da jiya.

Ba a jima ba Gracinda ta leƙo gidan tarihin, ta ce ko akurki ya fi shi tsabta. Ranar Juma'a ta zo da tsintsiyarta, daga nan kuma ba ta ƙara fasa zuwa ba. Ba ta karɓar ko sisi. Takan share ƙasa, ta goge gilasai, sannan ta ɗaura tsumma a kan doguwar gora ta kakkaɓe abubuwan da ke sama, har da filafilin. Tana aiki bakinta na aiki.

"Yau shekara goma sha biyu ke nan da tafiyar ɗan banzan nan. Yana can yana cin cuku da Bafaranshiyarsa. Allah ya sa haƙoransa su zube ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma me ka tsaya kana kallona? Matsa mini in share."

Belmiro yakan matsa.

Wani kafinta mutumin kirki, wanda matarsa ta rasu, ya nemi aurenta. Fada ya ce mace mai miji ba ta aure, maganar ta mutu. Odete kuwa da ta cika sha tara ta ɗauki hoton ubanta ta ce za ta Faransa ta kalle shi ido da ido, ta tambaye shi laifin da ta yi masa. Belmiro ne ya ɗaukar mata akwati zuwa tasha. Ta rungume shi ta ce, "Baba Belmiro, kai ne uban da na sani." Bakinsa ya buɗe, jirgin ƙasa ya yi kuka, bakin ya rufe. Shekara biyu ta yi tana bin unguwannin mutanenmu da hoton nan a jaka. Ba ta same shi ba, ba ta kuma dawo ba, can ta yi aure.

Tun da ya kasa yin abin da ya kamata, sai ya shiga yin waɗanda ba a sa shi ba. Shi ne gyaran rufin Gracinda, shi ne kawo mata itace da hunturu, shi ne rubuta mata wasiƙa zuwa ga Odete. Takan ce a kasuwa, a gaban kowa, "In akwai namiji ɗaya na ƙwarai da ya rage a garin nan, to mai askin nan ne." Duk ranar da ta faɗi haka ba ya iya cin abinci sosai. Sau biyu ya je ikirari wurin Fada da niyyar amayar da komai, ya ƙare da faɗin ƙananan zunubai irin na yara.

Haka aka tafi shekara talatin da ɗaya. Rannan hukuma ta aiko wata matashiya mai suna Noémia, da kyamara da safar hannu, ta ce za a yi wa kowane kaya rajista.

"Kawu Belmiro, ranar Litinin za mu sauko da komai, a ɗauki hotonsa gaba da baya. Wancan filafilin da shi za mu fara, shi ne sarkin ɗakin."

Ya ce, "Ya tsufa, 'yata. In aka taɓa shi zai iya rugurgujewa."

Ta yi dariya ta ce, "Kai ma ka tsufa, ga ka nan kana hawa tsani."

Ran Lahadi da la'asar, gari na barcin bayan abinci, ya kulle kansa a ciki, ya sauko da filafilin ya ɗora a kan tebur. Ya fito da askarsa ya wasa ta a fata. Aiki ne na minti biyu: a shafe wutsiyar kifi, a shafe tsaga biyu, a goga toka a wurin. Ya ɗora bakin askar a kan tsaga ta farko, sai ya tuna ranar da aka yi ta. Suna da shekara goma sha huɗu, a bayan shagon askin, Custódio na tsagawa da harshe a waje, shi kuma yana riƙe masa katakon. A duk duniya wannan ne kaɗai shaidar da ta rage cewa mutumin nan bai gudu ya bar iyalinsa ba. Ya naɗe askar ya mayar aljihu.

Bai sa buhu ba wannan karon. Ya saɓa filafilin a kafaɗa ya gangara.

Gracinda na zaune a bakin ƙofarta tana ɓare wake a cinya, gashinta duk ya yi fari.

"Yau kuma Sarkin Tarkace ya fara sayar da fadarsa ne?"

Ya durƙusa, duk da ciwon gwiwarsa, ya ɗora mata shi a kan cinya, alamar na sama. Idonta ya yi rauni, don haka da yatsa ta karanta. Ta bi wutsiyar, ta bi tsaga ɗaya, ta bi ta biyu. Kwanon waken ya zame ya kife, ba ta kalle shi ba.

"A ina?"

"Cabedo. Ruwa ya kai shi can washegarin da jirgin Amaro ya kife. Yana cikin jirgin, Gracinda. Bai je ko'ina ba."

Hannunta na kan katakon. Can ta ɗago shi ta juya, ta ga bayan da ta sani, mai santsi saboda tsummanta.

"Wannan ai na bangon ne."

"Shi ne."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya gaya mata duka, da keken, da buhun, da miyar kabejin. Ya ce, "Kwana takwas kawai na yi niyya."

"Kwana takwas," in ji ta, a hankali, kamar mai ƙidaya kifi. Ya so ta zage shi, ya so ta ɗauki filafilin ta rotsa masa kai, da ya fi masa sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kafintan nan ban damu da shi sosai ba, kada ka ɗauka shi ne. Odete ma, wata rana ƙila ta yafe maka, ita ta sani. Amma Belmiro, ka tsaya kana ji ina zaginsa. Kowace Juma'a. Mutum yana kwance a ƙarƙashin ruwa, ya fita nema mana abinci da fushina a ransa, ni kuma ina goge filafilinsa ina roƙon Allah ya zubar masa da haƙora. Ka ji da kunnenka, ka matsa mini in share."

Ya ce, "Na ji."

Ta tashi ta shiga ciki. Ya daɗe durƙushe yana tsince mata waken ɗaya-ɗaya, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Da ta fito, baƙin mayafi ne a kanta, sabo, amma da layin ninki da ya koɗe saboda daɗewa a akwati.

Ta ce, "Ɗauki. Ta kasuwa za mu bi, alamar a waje, kowa ya gani. Wanda ya tambaye ka, kai za ka ba shi amsa, ba ni ba."

Suka bi ta kasuwa. Tsofaffin da ke zaune a ƙofar shagon kofi suka miƙe, suka karanta alamar daga nesa, suka cire huluna. Ɗayansu ya tambaya inda aka samo, Belmiro ya tsaya ya faɗa masa, da shekarar da komai. Aka tambaye shi sau huɗu kafin su kai kan dutse, sau huɗun ya faɗa. Babu wanda ya tofa masa yawu, babu kuma wanda ya ƙara kallon fuskarsa.

Ran Laraba aka binne filafilin kusa da mutanen Amaro huɗu. Da aka zo tsaga alama a ƙofar coci, sai aka duba aka ga duk garin babu sauran mai hannun yin ta sai shi. Ya fito da askar nan ya yi wutsiyar kifi a ƙasan alamomin abokan aikinsa huɗu, ya yi tsaga biyu. Gracinda ta sa yatsa ta shafa.

Ta ce, "Ƙara zurfi. Ya daɗe yana jira."

Ya ƙara.

Noémia ta ɗauki hoton bangon yadda yake, ƙusoshi biyu da dogon farin wuri inda fenti bai koɗe ba. Ta tambaye shi me za ta rubuta a rajista. Ya ce ta rubuta sunan mai shi, da sunan wanda ya riƙe, da yawan shekarun. Ta ce ba a saba rubuta irin wannan ba. Ya ce ta rubuta.

Ran Juma'a ya buɗe ƙofa tun da wuri, ya zauna a kan kujerarsa. Ƙarfe tara daidai ta shigo cikin baƙaƙen kayanta. Ba ta kalli bangon ba, ba ta kalle shi ba. Ta wuce bayan ƙofa ta ɗauki tsintsiyarta, ta kwance tsummanta daga kan gorar ta ninke, ta jingine gorar inda take, ta fita.

Belmiro yana nan har yanzu, yana buɗewa ƙarfe tara ya rufe ƙarfe biyar. Ya sayi tsintsiya tasa, amma bai iya shara ba, ƙura yake tayarwa kawai ta koma inda ta fito.